Tseren Zakarun NASCAR: Ba Maki, Sai Kuɗi da Suna

Tseren Zakaru gasar motoci ce da hukumar NASCAR ta ƙasar Amurka take shiryawa sau ɗaya a shekara tun daga 1985, galibi a tsakiyar watan Mayu. A can ana kiran sa All-Star Race. Abu biyu ne suka raba shi da yawancin tsere-tseren hukumar. Ba kowane direba ake bari ya shiga ba, galibi sai wanda ya riga ya ci wani tsere ko ya taɓa ɗaukar kofi. Sannan ba a ba da maki ko ɗaya. A babban rukunin NASCAR ana yin tsere 36 a kowace kaka, direbobi suna tara maki har a fitar da zakaran shekara. Wannan kuwa baje kolin gwaninta ne zalla. Wanda ya zo na ɗaya ya tafi gida da dala miliyan 1, sauran kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da nasa.

Asalin irin wannan tsere yana komawa ga duwatsun kudu maso gabashin Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da barasa, kuma ko bayan an ɗage haramcin, manoman yankin sun ci gaba da dafa ta a ɓoye don kauce wa haraji. Masu fasa-ƙwaurinta sukan ɗauki mota ta yau da kullum, su ƙara wa injinta ƙarfi, su ƙarfafa ƙafafunta domin ta ɗauki kaya, amma su bar bodinta yadda yake don kada jami'an haraji su gane. Ranar hutu sai su haɗu a fili su gwada wa ya fi wani gudu. Wani makanike mai suna Bill France ne ya tara masu shirya waɗannan wasanni a garin Daytona Beach na jihar Florida a Disambar 1947, aka kafa NASCAR a Fabrairun 1948, aka sa doka da tsarin biyan kuɗi.

A farkon lamarin, motar da ake sayarwa a kasuwa ita ake shiga tsere da ita. Yau kamannin ne kawai suka rage. Motar tseren zamani tana ɗauke da sunan Chevrolet ko Ford ko Toyota, amma cikinta keji ne na bututun ƙarfe da aka lulluɓe da bodi mara nauyi. Ba ta da ƙofar da ake buɗewa. Ta taga direba yake shiga, a rufe tagar da raga. Fitilun gabanta ma hoto ne aka manna. Injinta mai silinda 8 ne, girmansa lita 5.8, nauyin motar kuma ya kai kusan kilo 1,500. Babu agogon da ke nuna wa direba yawan gudunsa. Da juyin inji da fitilun gaban sitiyari yake auna kansa. Tun daga 2022 kowace taya noti ɗaya tak ke riƙe da ita a tsakiya, maimakon biyar da aka saba.

Filin da ake tseren shi ne abin da baƙon wannan wasa ya fi raina wa, alhali a nan ilimin yake. Hanya ce mai siffar ƙwai, miƙaƙƙun ɓangarori biyu da kwanoni a ƙarshensu, motoci suna juyawa hagu kaɗai daga farko har ƙarshe. Kwanonin ba a shimfiɗe suke ba. An karkata su kamar gefen ƙwarya, bakin waje ya fi na ciki tudu. A filin Charlotte da ke jihar Karolina ta Arewa, wanda aka buɗe a 1960, zagaye ɗaya mil 1.5 ne, wato kilomita 2.4, karkatar kwanoninsa kuma digiri 24 ce. Amfanin karkatar shi ne, ƙarfin da ke neman wurga mota waje idan ta shiga kwana sai ya koma yana danna ta a kan kwalta. Shi ya sa mota take iya shiga kwanar Charlotte da gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, ta kammala zagaye cikin daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka.

Tunda hagu kawai ake juyawa, ba a daidaita motar kamar ta titi. Tayoyin dama sun ɗan fi na hagu girma domin motar ta riƙa karkata hagu da kanta, kuma su ne suke shan wahala, su ne suke fara cinyewa. Makanikai suna matsa nauyi zuwa hagu gwargwadon yadda doka ta yarda. Direba yana fama da matsala iri biyu a kwana: ko gaban motar ya ƙi bin sitiyari ya nufi katanga, ko bayanta ya zame yana neman wuce gaban. Yanayin yana sauyawa yayin da taya take cinyewa, mai yake raguwa a tanki, kwalta take hucewa bayan faɗuwar rana. Motar da ta yi daɗin tuƙi da la'asar tana iya zama abin tsoro da dare.

Sai kuma iska. Motar da ke gaba ita ke keta iska, ta bayanta kuma tana samun sauƙi a miƙaƙƙen ɓangare idan ta manne mata. Amma da an shiga kwana sai lamarin ya juye: hargitsattsiyar iskar da ta gaba ta bari tana rage wa ta baya riƙon ƙasa, sai gabanta ya yi sako-sako. Wannan ne ya sa wuce abokin hamayya yake da wuya a manyan filaye, kuma ya sa direba yake neman layin kansa, wani ya bi ƙasa kusa da farin layi inda hanya ta fi gajarta, wani ya hau sama dab da katanga inda zai riƙe gudunsa. Saboda hular kwano da kujerar da ta rungume kansa, direba ba ya iya waiwaye. Akwai mutum guda da ke tsaye a saman rumfar 'yan kallo da rediyo a hannu, yana gaya masa ko akwai mota a gefensa, ko hanya ta buɗe, ko hatsari ya auku a gaba. Idan aka shiga wurin gyara, mutum 5 ne suke tsallako katanga, su canza taya 4 su zuba mai cikin kimanin daƙiƙa 10.

Duk wannan haka yake a kowane tsere. Abin da rashin maki yake sauyawa shi ne lissafin da ke kan direba. A tseren maki, wanda yake na uku saura zagaye 10 yakan yi tunani sau biyu kafin ya kutsa tsakanin motoci biyu, domin matsayi na uku ma riba ce, hatsari kuwa asarar makin mako guda ne. A Tseren Zakaru babu abin da zai adana. Tseren kuma gajere ne, an yanka shi kashi-kashi, kashin ƙarshe sau da yawa bai wuce zagaye 10 ba a shekarun Charlotte. Mai mota ma ya san da wuya motarsa ta dawo gareji lafiya. Saboda haka a wannan dare ne ake ganin halin direba a fili, mai haƙuri da mai zafin zuciya, mai tura abokinsa da bamba da mai jiran dama.

Hanyar shiga uku ce a tsarin da aka bi har zuwa 2025. Ta farko ta waɗanda suka ci tseren maki a kakar bara ko ta bana ce, tare da tsofaffin zakarun shekara da waɗanda suka taɓa cin Tseren Zakarun, muddin suna tuƙi cikakkiyar kaka. Ta biyu, ana shirya ƙaramin tseren share fage ga sauran direbobi, waɗanda suka zo kan gaba su haye. Ta uku ƙuri'ar magoya baya ce, wadda aka fara a 2004, tana ba mutum ɗaya gurbi. Masu shigowa ta ƙofar baya sun sha ba da mamaki. A 1996 Michael Waltrip, wanda a lokacin bai taɓa cin tseren maki ko ɗaya ba, ya haye daga share fage ya cinye babban tseren. A 2008 Kasey Kahne ya shiga da ƙuri'ar jama'a, ya tashi daga can baya, ya lashe.

Kamfanin taba na R. J. Reynolds ne ya kawo tseren, domin shi ke ɗaukar nauyin babban rukunin NASCAR a lokacin, aka kuma raɗa masa sunan sigarinsa, The Winston. Na farko an yi shi a Charlotte a 1985 da direbobi 12, zagaye 70, ladan na ɗaya dala 200,000. Darrell Waltrip ne ya ci, kuma yana tsallake layin ƙarshe injinsa ya fashe ya turnuƙe da hayaƙi. Mai motar, Junior Johnson, tsohon mai fasa-ƙwaurin barasa ne da ya taɓa zaman kurkuku a kan haka, ga shi gwanin haɗa inji, don haka aka daɗe ana raɗe-raɗin cewa akwai abin da ba a so masu bincike su gani a cikin injin. A 1986 aka kai tseren Atlanta, Bill Elliott ya ci, amma 'yan kallo ba su fito ba, sai aka mayar da shi Charlotte. A can ya zauna daga 1987 har 2019. Wurin ya dace da shi, domin yawancin garejojin ƙungiyoyin tsere suna kewaye da birnin, ma'aikata da iyalansu suna zuwa kallo daga gida, mako guda kafin babban tseren mil 600 da ake yi a wannan fili.

Tseren 1987 shi ya fara ba gasar suna. Elliott ya mamaye kashi biyun farko, amma a zagaye 10 na ƙarshe Dale Earnhardt ya shige gaba ya tare masa hanya. Motocin suka gogi juna a gaban babbar rumfa, motar Earnhardt ta sauka daga kwalta ta faɗa cikin ciyawa tana cikin tsananin gudu. Ciyawa ba ta riƙe tayar tsere, wadda ba ta da zane ko kaɗan, kuma abin da aka saba gani shi ne mota ta wuntsila. Earnhardt bai ɗaga ƙafa daga totur ba, ya riƙe sitiyari, ya dawo kan kwalta yana nan a gaba, ya ci tseren. Har yau ana nuna hoton a duk lokacin da ake tallar gasar. Bayan shekara biyu, a 1989, Rusty Wallace ya taɓa bayan motar Darrell Waltrip dab da zagayen ƙarshe ya juyar da ita, ya ci, makanikan ɓangarorin biyu suka ba hammata iska a hanyar gareji. Daga wannan rana 'yan kallon da suka daɗe suna yi wa Waltrip ihu suka koma bayansa.

Daren 16 ga Mayu 1992 ya fi duka muhimmanci ga tarihin wasan. Shugaban filin Charlotte, Humpy Wheeler, yana tsoron kada kamfanin tabar ya ɗauke tseren zuwa wani wuri, sai ya yi alkawarin gudanar da shi da dare, alhali ba a taɓa haskaka fili mai wannan girma don irin wannan tsere ba. Matsalar ita ce yadda za a haska hanya mai kilomita 2.4 ba tare da an kashe wa direba ido ba. Kamfanin Musco ya warware ta da madubai da ke karɓar haske su watsa shi a kan kwalta daga ƙasa. A zagayen ƙarshe Earnhardt yana gaba, Kyle Petty ya matsa masa, motar Earnhardt ta zame ta juya a kwana ta uku. Petty ya ɗan rage gudu, Davey Allison ya cim masa, suka tsallake layi kafaɗa da kafaɗa, Allison yana gaba da kaɗan. Nan take motocin suka haɗu, ta Allison ta daki katanga ta gefen direba, tartsatsi ya tashi. An ciro shi a sume aka kai shi asibiti da jirgi mai saukar ungulu, a can ya ji labarin cewa shi ya ci. Bayan wannan dare manyan filaye suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har Daytona ta sa fitilu a 1998.

Wannan shi ne aiki na biyu na tseren, kuma a wajen masu nazarin wasan ya fi dala miliyan ɗin daraja: wurin gwaji ne. Tunda ba maki, hukuma tana iya jarraba sabon abu ba tare da ta cuci kowa ba. Tsarin jera motocin gaba layi biyu idan za a sake tashi bayan tutar gargaɗi, a nan aka saba da shi kafin a kai shi tseren maki a 2009. Gwajin rage ƙarfin inji da sauya yadda iska ke bin mota da aka yi a 2018 shi ya zama tushen dokokin 2019. A 2020 aka jarraba barin kowane direba ya zaɓi layin da zai tashi, sama ko ƙasa, aka kuma karɓe shi a tseren maki cikin wannan kakar. Ƙungiyoyi ma suna gwada nasu. A 1997 Jeff Gordon ya zo da wata mota da injiniyoyin ƙungiyar Hendrick suka ƙera ta hanyar bin duk wata kafa da littafin doka ya bari. Ta wuce binciken hukuma, ta kuma cinye tseren cikin sauƙi, sai hukumar ta ce kada a sake kawo ta, ta gyara dokokin.

Haɗarin wasan bai tsaya kan direbobi ba. Bayan tseren 2000, wanda Dale Earnhardt ƙarami ya ci a shekararsa ta farko a babban rukuni, wata gadar masu tafiya da ƙafa a wajen filin Charlotte ta karye da 'yan kallo a kanta, fiye da mutum 100 suka ji rauni. Bincike ya nuna wani sinadari da ya shiga cikin simintin ne ya cinye wayoyin ƙarfen gadar. A ɓangaren direbobi kuwa, mutuwar Earnhardt babba a Daytona ranar 18 ga Fabrairu 2001 ce ta tilasta sanya na'urar riƙe kai da wuya, da lulluɓe katangu da shinge mai shanye ƙarfin karo.

A yawan nasara Jimmie Johnson ne kan gaba da 4, a 2003, 2006, 2012 da 2013. Earnhardt babba da Gordon kowanne yana da 3. Kyle Larson ma yana da 3, a filaye uku daban-daban, a 2019, 2021 da 2023.

Tseren yana da rauninsa, kuma ba ƙarami ba ne. Kusan kowace shekara ana sauya tsarinsa: yawan kashi, juya jerin motoci na baya su koma gaba, tilasta shiga wurin gyara, cire wasu a tsakiyar tsere. A 2016 dokokin sun rikice har direbobin da kansu suka kasa gane matsayinsu. Gasa idan ta kai sai an yi wa mai kallo dogon bayani kafin ya san wa ke gaba, ta yi asarar abin da ya sa aka ƙirƙire ta. Ladan dala miliyan 1 kuma tun 2003 yake a haka, darajarsa tana zaizayewa. Ga shi zakarun nan su ne dai suke karawa da juna kowane mako, don haka haɗa su wuri guda ba baƙon abu ba ne. Annobar korona ta kai tseren Bristol a 2020, inda Chase Elliott ya ci, sannan aka yi shekara biyu a Teksas, waɗanda ba su gamsar da masu kallo ba.

Abin da ya farfaɗo da shi komawa tushe ne. Filin North Wilkesboro yana cikin gundumar Wilkes ta Karolina ta Arewa, mahaifar Junior Johnson kuma cibiyar dafa barasar ɓoye a da. An buɗe shi a 1947, kafin a kafa NASCAR ma. Zagayensa mil 0.625 ne, kusan kilomita 1, kuma ba a baje ƙasarsa sosai ba lokacin gini, don haka ɓangaren gaba gangara ne, na baya kuma hawa. A 1996 aka yi tseren babban rukuni na ƙarshe a can, Gordon ya ci, aka raba ranakunsa biyu ga sababbin filaye a Teksas da New Hampshire masu ɗaukar jama'a da yawa. Garin ya yi asarar kasuwa, filin ya zama kango, ciyawa ta fasa kwalta, rumfuna suka ruɓe. A Disambar 2019 Earnhardt ƙarami ya jagoranci 'yan sa-kai suka share ciyawar domin a ɗauki siffar hanyar a sa cikin wasan tseren kwamfuta kafin ta lalace gaba ɗaya. Wannan ya tayar da tsohuwar ƙauna. Jihar ta ware dala miliyan 18 don gyara, kuma a 2023, shekarar da NASCAR ta cika 75, aka kai Tseren Zakaru can, a kan tsohuwar kwaltar da aka shimfiɗa tun 1981. Larson ya sha hukunci saboda wuce ƙa'idar gudu a wurin gyara, ya koma can baya, ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya ya wuce su, ya ci da tazara mai yawa.

A ƙaramin fili gudu ya ragu, birki da haƙuri da taya sun fi iska tasiri, motoci kuma suna cunkushe, taɓa juna ba makawa. A 2024, bayan an sake kwalta, Joey Logano ya jagoranci zagaye 199 cikin 200, amma abin da aka fi magana a kai ya faru ne bayan tsere. Kyle Busch ya tura motar Ricky Stenhouse cikin katanga a zagaye na biyu. Filin ba shi da hanyar ƙarƙashin ƙasa ta fita daga tsakiya, saboda haka Stenhouse ya zauna har aka gama, ya tari Busch a bakin babbar motarsa, ya kai masa naushi. Hukumar ta ci shi tarar dala 75,000, kuma hukuncin ya dace, domin faɗan ya jawo makanikai da dangi cikinsa a wuri mai cunkoso. A 2025 aka ƙara tsawon tseren zuwa zagaye 250, Christopher Bell ya yi amfani da sababbin tayoyi ya ƙwace gaba daga hannun Logano saura 'yan zagaye, ya ci.

Shekara uku na cikar rumfuna sun gamsar da hukuma cewa tsohon filin zai iya ɗaukar fiye da baje koli. A jadawalin da NASCAR ta fitar na 2026, an kai Tseren Zakaru filin Dover da ke jihar Delaware, mai zagayen mil 1 na kankare, North Wilkesboro kuma an ba shi tseren maki na babban rukuni, karo na farko tun 1996.